Sure, rama da furen ado: Wane tsiro ne ke karɓar aure a lambun gida?

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega a watan Oktoba, da zarar ya wuce Dogon Daji ya doshi Tambuwal, idonsa ba zai rasa wani tsiro mai jan kara a iyakokin gonakin gero da dawa ba. Haka abin yake idan ya karkata kudu zuwa Kebbe da Kuchi. Kuma ba a gona kaɗai ba. A bayan ɗaki, kusa da inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, da wuya a rasa gindi biyar ko goma da uwar gida ta watsa tun farkon damina.

Sakkwatawa na kiran ganyensa sure, Kanawa su ce yakuwa. Jan ɓawon da ake jiƙawa a sha shi ne soɓorodo ko zoɓo. 'Ya'yan kuwa su ne gurguzu, waɗanda ake dafawa a rufe har su ruɓa a yi daddawar batso.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne wannan tsiron ɗan uwa ne na jini ga furen nan na ado da ake gani a harabar otal-otal da gidajen masu hali a Abuja da Kaduna, mai faɗin fure kamar faranti, ja ko ruwan ɗorawa ko ruwan hoda. Turawa na kiran su duka biyun da suna guda, hibiskus. Rama ma 'yar gidan ce. Kuɓewa, wadda a nan ake ce wa guro, da auduga, su ma dangi ne.

A 'yan shekarun nan bidiyoyin wannan furen na ado sun cika TikTok da Facebook. Za ka ga hannu ya ɗebo wata ƙura daga fure guda ya shafa wa wani, sai a nuno sabon fure mai launi uku ko huɗu, a ƙasa kuma ga tallar iri. Mai sure a bayan ɗaki da ya ga haka dole ya tambayi kansa: shin zan iya yin wannan a gida? Kuma idan dangi ne, me zai hana a haɗa soɓorodo da furen ado a samu ɓawo mai girman tafin hannu?

Amsar ta kasu. Wani abin yana yiwuwa da tsinke da zare kawai, wani kuma ko jami'a ta sha wuya a kansa.

Aure iri biyu

Bahaushe na amfani da kalmar aure ga abubuwa biyu da suka bambanta, kuma daga nan ruɗanin ke farawa.

Idan aka ce mangwaro ɗan aure, ana nufin an yanko reshen mangwaro mai daɗi an ɗaura a jikin wani gindi mai ƙarfi. Ba a samu sabon iri ba. Reshen zai ci gaba da haifar irin 'ya'yan uwarsa, gindin dai aron saiwa ya ba shi.

Idan kuma aka ce masara mai aure, wannan barbara ce. An ɗauki ƙurar furen wani iri an kai wa wani, 'ya'yan da suka fito sun gaji uwa sun gaji uba. Wannan na biyun shi ne ake nunawa a bidiyo, shi ne kuma ke haifar da sabon launi.

Furen ado, wanda masana ke kira Hibiscus rosa-sinensis, ɗan irin wannan auren ne tun fil azal. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa masa wannan suna a 1753, amma ba a taɓa samun sa yana fitowa da kansa a daji ba. A hannun mutane aka san shi. A farkon ƙarni na 20 masu lambu a tsibirin Hawai suka riƙa haɗa shi da danginsa na tsibiran, da wani mai yagaggen fure da aka kai daga gabashin Afirka. Daga baya harkar ta bunƙasa a jihar Florida ta Amurka, inda aka kafa ƙungiyar masu sha'awar furen a 1950. Yau nau'o'in da aka yi wa rajista sun kai dubbai. Malesiya ma ta ɗauke shi a matsayin furen ƙasa tun 1960.

Yadda ake yi, da inda ake cutar mutane

Haɗa furen ado ba shi da wuya. A tsakiyar furen akwai wani dogon tsinke da ya leƙo waje. A jikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da ƙura ruwan ɗorawa, wannan shi ne ɓangaren namiji. A can ƙarshensa akwai kawuna biyar masu laushi kamar karan-miski, su ne ɓangaren mace.

Da safe, bayan furen ya buɗe kuma ƙurar ta fara kama yatsa, sai a ɗebo ta daga gindin da ake so ya zama uba, da gashin kaza ko auduga a kan tsinke, a shafe kawunan nan biyar na gindin da zai zama uwa. A ɗaura zare a wuyan furen don kada a manta wanne ne. Furen kwana guda yake yi, washegari zai yanƙwane ya faɗi. Idan auren ya kama, gindinsa zai tsaya ya fara kumbura, bayan kamar wata biyu kwanson ya bushe ya tsage. A nan ake son a riga iska, a ɗaura masa 'yar jakar yadi tun kafin ya buɗe.

Matsalar yankinmu zafi ne. Masu wannan sana'a sun daɗe da lura cewa idan zafi ya tsananta kwanson kan kakkaɓe tun yana ƙarami. A Tambuwal, inda ma'aunin zafi kan haura 40 tsakanin Maris da Mayu, gwada wannan aiki a bazara ɓata lokaci ne. Ƙarshen damina ya fi, ko lokacin sanyi idan akwai ruwan ban-ruwa da zanar da za ta tare iskar hunturu. Sai kuma awaki, waɗanda ba su san furen ado ba, ganye kawai suke gani.

Ga inda ya kamata mai waya ya buɗe ido. Furen ado ba ya maimaita kansa ta hanyar iri. Tun da kakanninsa gauraye ne, kowace ƙwaya da ta tsiro daban take. Kwanso guda na iya ba ka 'ya'ya goma, babu biyu masu kama, kuma mafi yawansu ba za su kai uwarsu kyau ba. Sannan sai ka jira wata shida zuwa shekara da rabi kafin ka ga furen farko.

Saboda haka duk wanda ya nuna maka hoton fure ya ce ga irinsa a leda, idan ka shuka za ka samu wannan launin sak, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani sarai. Wanda ya fi muni shi ne hoton fure shuɗi kamar an tsoma a bula. Babu irin wannan launin a wannan furen. Akwai masu ruwan toka da masu ɗan sirkin shuɗi, amma shuɗi sak aikin kwamfuta ne.

Wanda ya ga gindin da ya burge shi a gidan wani, reshe zai roƙa. A yanko mai kaurin fensir, tsawon taƙi guda, a cire ganyen ƙasa, a soka cikin yashi da ɗan taki a ledar fiya-wata da aka huda gindinta. A ajiye a inuwa, a riƙa yayyafi ba tare da an cika ruwa ba. Cikin mako huɗu zuwa takwas yakan yi saiwa, kuma shi kam zai fito da launin uwarsa. A dai duba bayan ganyen kafin a shigo da shi gida, domin farin ƙuda da darɓa da ke maƙale a furen ado ba sa ƙyamar guro ko auduga, kuma farin ƙuda na yaɗa cutar da ke naɗe ganye.

Sure ba ya jiran baƙo

Idan aka dawo kan sure, labarin ya sha bamban.

Furensa fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa da jan ido a tsakiya. Yana buɗewa da safe, kafin la'asar ya rufe. Ba furen ake sha ba, ƙoƙon da ke riƙe da shi ne ke kumbura ya yi ja bayan furen ya faɗi. Sure kuma ba ya fure sai yini ya fara gajarta, shi ya sa ko an riga kowa shuka, sai wajajen Satumba da Oktoba ake ganin furen.

Abin da ya raba shi da ɗan uwansa na ado shi ne yana barbarar kansa tun furen bai gama buɗewa ba. Lokacin da mai lambu zai zo da gashin kazarsa, an riga an ɗaura aure an watse. Wani bincike da aka yi a Jamaika aka wallafa a shekarar 2000 ya nuna cewa ƙurar da ke tsallakowa daga wani gindin sure zuwa wani ba ta kai kashi 1 cikin 100 na 'ya'yan da ake samu ba.

Mai son haɗa nau'in sure biyu dole ya je da yamma, ya buɗe tohon furen da zai buɗe gobe, ya tsince ɓangaren namiji da allura ba tare da ya ji wa macen ciwo ba, ya rufe, ya dawo da safe da ƙurar uban. Tohon ƙarami ne, kuma sau da yawa faɗuwa yake yi. Wahalar ta kai masu bincike a Jami'ar Ƙasa ta Malesiya suka bi wata hanyar daban, suka haska iri da wani haske mai sauya halitta, har suka fitar da sabbin nau'o'i uku a 2009.

To haɗa sure da furen ado fa, ko da rama?

Nan ma Bahaushe na da misalin a gida: alfadari. Kowace halitta na da wasu zarurrukan gado a cikin ƙwayoyin jikinta, waɗanda masana ke kira kuromosom. Doki na da 64, jaki 62. Suna haihuwa tare, amma alfadarin da aka samu mai 63 ne, lissafin bai rabu daidai ba, shi ya sa ba ya haihuwa. Sure na da 72, rama 36. Masana sun gwada haɗa su da nufin samun tsiron igiya mai ƙarfi, da ƙyar ake samun 'ya'ya, waɗanda aka samu kuma galibi alfadarai ne. Tsakanin sure da furen ado tazarar ta fi haka. Suna guda suke amsawa, amma ba abin da za a haɗa da tsinke a bayan ɗaki ba ne.

Taurin kan da ya zama alheri

A ganina wannan hali na sure, da ya hana a yi masa aure cikin sauƙi, shi ne babbar kyautar da ya yi wa matan Tambuwal da Kebbe. Tun da kansa yake barbara, abin da ka shuka shi za ka girba. Gurguzun da aka ɗiba daga gindi mai baƙin ja da kaurin ɓawo zai haifi irinsa baɗi, da baɗin baɗaɗa. Ba kamar masara mai aure ba, wadda sai ka koma shago kowace damina.

Amma a je a duba iyakar gona guda. Za a ga mai baƙin ja, ga mai ja mai haske, ga fari wanda ake sakawa a miya don tsami, ga wanda ganye ya fi yi ɓawonsa ɗan siriri. Mutane kan ce irin ne ya lalace, ko ya yi aure da na maƙwabci. Mafi yawan lokuta ba haka ba ne. A kwano aka gauraya shi. Gurguzun da aka auno a kasuwa don daddawa, daga gonaki goma ya fito, shi ne kuma ake ɗiba a shuka idan ruwa ya sauka.

Wannan gaurayar tana da farashi. Zoɓo ya daɗe da wuce abin sha na azumi da biki. Daga kasuwanni irin su Maigatari a Jigawa da Dawanau a Kano ake tara shi a loda kwantena zuwa waje, kuma Meziko, inda suke kiran abin shan da sunan Jamaika, na cikin manyan masu saye. A Senegal bisap ne, a Sudan da Masar karkade, a Ghana sobolo. Mai saye don fitarwa yana neman launi guda mai duhu, ɓawo cikakke wanda bai farfashe ba, busasshe, babu yashi babu kara. Buhun da ya zo da ja da fari da tsakuwa sai an biya mata sun tsince, kuma daga kuɗin manomi ake cire ladan tsintar.

Akwai kuma darasin da Najeriya ta koya da tsada. A shekarun baya Meziko ta dakatar da shigar zoɓon Najeriya bayan an samu wani ƙwaron rumbu mai suna kafra a cikin kaya, kuma sai da hukumar kula da lafiyar kayan gona ta NAQS ta daidaita da hukumomin can kan yadda za a riƙa yi wa kaya feshi kafin a sake buɗe ƙofa. Ba launin fure ne ya jawo wannan ba, ajiya ce. Shanya a kan tamfol maimakon ƙasa ko gefen titi, da zuba kaya a buhun da bai taɓa ɗaukar hatsi mai ƙwari ba, sun fi kowane sabon iri tasiri a kan kuɗin da za a ƙirga.

Gyaran iri kuwa ba ya buƙatar komai sai tsumma da haƙuri. Kafin girbi a zagaya a ɗaura tsumma a kan gindin da ya fi: launi mai duhu, ɓawo mai kauri, 'ya'ya da yawa, ganyen da ƙwari ba su huda sosai ba. Kada a tsaya kan gindi ɗaya, a zaɓi kamar ashirin, don kada wata cuta ta zo ta share iri duka. A bar kwansonsu ya ƙosa sosai, a girbe su daban, a shanya daban. Fari a nasa ƙullin, na ganye a nasa. A zuba a kwalba ko jarka mai murfi da ɗan toka, a ajiye inda babu laima. Kafin damina a ɗauki ƙwaya ashirin a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na 'yan kwanaki, a ƙirga nawa suka tsiro, a san abin da ake da shi tun kafin a je gona.

Damina biyu ko uku ana haka, layin zai zama launi guda.

Akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba. Ƙaramar hukumar Kebbe na iyaka da Zamfara, kuma ƙauyuka a yankin sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga. Iyalin da suka bar gida cikin dare ba sa tsayawa ɗaukar iri, kuma nau'in da kaka ta riƙe shekara arba'in na iya ƙarewa a rumbu guda. Akwai cibiyar adana iri ta ƙasa, NACGRAB, amma tana Ibadan. Gindi goma a bayan ɗaki a cikin gari, da ƙulli guda da aka aika wa 'yar uwa a Jabo ko Sanyinna, su ne ma'ajiyar da ke kusa.

Mai son koyo ya fara da guro

Duk da haka sha'awar ƙirƙirar sabon iri ba abin rainawa ba ce, kuma a cikin dangin nan akwai wanda ya dace da ɗan koyo. Guro ne. Furensa babba ne, tohonsa na jure hannu, kuma cikin wata biyu da shuka ya fara haihuwa.

A ce kana da wani guro mai saurin haihuwa amma 'ya'yansa na saurin ƙosawa, maƙwabciyarka kuma na da mai yauƙi sosai amma yana jinkiri. Da yamma ka nemi tohon da ya yi ƙiba ya fara nuna launi, shi ne zai buɗe gobe. Ka tsaga shi a hankali da reza, ka cire fatun furen, ka kankare ƙwayoyin ƙurar duka, ka bar kan macen. Ka rufe shi da 'yar takarda. Da safe ka tsinko furen ɗaya gindin da ya buɗe, ka goga ƙurarsa a kan macen, ka mayar da takardar, ka ɗaura zare. Wannan kuɓewar ba ta miya ba ce, a gaya wa yara da mai girki. Sai ta bushe a jikin karanta.

'Ya'yan farko za su fito kusan kama guda, sau da yawa ma sun fi iyayen ƙarfi. Kada wannan ya ruɗe ka. Idan ka shuka 'ya'yansu, za su watse: wani dogo, wani gajere, wani ya biyo kaka, wani ya biyo kakan. Wannan shi ne abin da Gregor Mendel ya bayyana a 1866 bayan gwajinsa da wani nau'in wake, kuma shi ne dalilin da ya sa masara mai aure ke ba da kunya a shekara ta biyu. Daga cikin wannan tarwatsewar ake zaɓen wanda ya haɗa halayen biyu, a shuka, a sake zaɓe. Sai an yi haka sau shida ko bakwai kafin irin ya tsaya. Mai fadama ko rijiya da ke noman rani na iya yin zagaye biyu a shekara, aikin ya ƙare cikin shekara uku zuwa huɗu.

Sai dai guro ba shi da kamun kai irin na sure. Ƙudan zuma na shiga furensa su fita da ƙura, don haka gindin da aka zaɓa don iri a riƙa ɗaure tohonsa da zare ko a rufe shi da takarda tun da yamma, ya barbari kansa, a kuma rubuta sunan uwa da na uba da ranar a littafi ko a waya.